Burtun da ya sauka gonarmu

Shekarar da Kabawa sunka matsa wa ƙauyukan Tambuwal da hari, kowa ido ya zama. Mu ko abin ya fi cin mu, don Baba maharbi ne, kuma daga wajen Kabi ya taso tun ban yi wayo ba. Ana gaisawa da shi, ana cin naman da ya harbo, amma ba a taɓa mance inda ya fito ba.

Ran nan muna kalar gero ni da matar maƙwabcinmu, sai ga wani baƙin tsuntsu can gefen gona, ƙato, jan maƙogwaro, yana tafiya ɗaiɗai kamar mai ƙirga damman da anka jingine. Ban taɓa ganin burtu da rai ba. Na san dai kan burtu na icce da Baba ke ɗaurawa a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya yi rarrafe har ya iske barewa.

Matar ta damƙe min hannu. "Wanga ba tsuntsu ba ne. Burtu shi kaɗai, kusa ga mutane? Ke, ina babanki?"

Na ce yana daji. Kash, ina zai kasance in ba daji ba?

Kafin la'asar magana ta kai gun mai gari: wai Baba ke shigar burtu yana duba wa Kabawa inda hatsi yake. Anka kira shi, anka aje kan iccen gabanai.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, da wanga nika ciyar da ɗiyana."

Mai gari ya ce shi bai ce Baba ya yi ba, amma hankalin mutane bai kwanta ba, gara mu matsa gaba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da safe munka ɗaura kaya ga jaki za mu Kebbe, Inna na kuka. Mutane na gonaki suna satar kallonmu. Sai ga burtun tsakar kara. Jaki ya yi kuka, tsuntsu ya buɗe fukafukai, fari fat a bakinsu, ya tashi gaban kowa.

Baba ya tsai da jaki, ya dubi mutane, ya jira. Kowa ya duƙa ya ci gaba da aikinai. Sai ya ce, "Mu tai."