Kamu Guda Daga Likkafanin Gwaggo

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Maigatari, a ranin da ya biyo bayan babban farin da ya cinye gonaki da dabbobi. A lokacin na gama jami'a, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Watan ne ban tabbatar ba. Ni na riƙe cewa bayan babbar salla ne, Baffa kuma ya ce kafinta ne, kuma tun da shi abin ya fi shafa, na fi karkata ga maganarsa.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne kuma masaƙin da ya rage a unguwarmu. Rumfarsa tana ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Daga inda yake zaune zaren tsaye yakan miƙe har tsakiyar fili, ƙarshensa ɗaure da wani dutse da ke matsowa sannu a hankali yayin da saƙa ke ci. Gwaggo kuwa babbar yayarsu ce. Ita ta goya Baffa bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har gemunsa ya yi fari ba ta daina kiransa Auta ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu da zama.

Tsofaffin garinmu ba sa jin nauyin tanadin likkafaninsu tun suna da rai. Yawancinsu kan aika Gumel a yanko musu akoko, farin yadin kanti, su naɗe su ajiye a ƙasan akwati. Gwaggo ta ce ita ba za a rufe ta da abin da inji ya saƙa ba. Mahaifiyarta da kakarta duk da zaren hannunsu aka yi musu sutura, ita ma haka take so. Audugar da ta yi aiki da ita ita ce ta ƙarshe da aka tsinta a 'yar gonar mijinta kafin ruwa ya ɗauke. Ta gurje ta, ta shiɓe ta, ta kaɗe ta kaɗan-kaɗan, alhali yanar ido tana rufe mata gani, yatsunta kuma sun fara ƙagewa. Ranar da ta sauke mazari ta ce ta gama kaɗi a duniya. Da Baffa ya yi wadari, wato ya ja zaren ya jera shi a kan turaku gwargwadon tsawon da ake bukata, sai ya ce zai isa, amma ba za a sami rarar da za a ɗaure bakin buhu ba.

Wannan saƙar ce ke kan masaƙa ranar da baƙin suka zo.

A waɗannan shekarun wasu Turawa kan keto Hamada da motocinsu, su biyo ta Damagaram, su shigo ta Maigatari su nufi Kano. Ba su da yawa a hanyarmu. Waɗannan su biyu ne, mutum da matarsa, tare da wani ɗan Damagaram da sana'arsa ke nan, ya riƙa kai irinsu marina da maƙera da wurin masaƙa. Sun fara sauka wurin dagaci, shi kuma ya haɗa su da ɗan aikensa ya ce a kawo su rumfar Baffa. Aka kira ni don in yi tafinta, domin Baturen yana jin Ingilishi daidai gwargwado, jagoran nasu kuma ya fi son a ji maganar daga bakin ɗan gida.

Tambayoyinsu masu kyau ne, ban ga alamar raini a cikinsu ba. Sun so su san wa ya kaɗa zaren, da me aka yi ƙoshiyar da yake jefa zare da ita, me ya sa saƙar siririya ce haka ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ina mayarwa da Hausa, Baffa yana amsawa ba tare da ya tsayar da ƙafa ba. Baturen ya ce kakarsa ma ta yi saƙa da gashin tumaki a kan duwatsun ƙasarsu, amma kafin ya yi wayo an daina. Sai matarsa ta tambaya, wannan farin me za a yi da shi?

Na faɗa wa Baffa tambayar. Ya ce, "Ka ce mata mayafi ne."

Na yi ƙasa da murya na ce, "Baffa, ko in gaya musu gaskiyar abin?"

"Mai shi tana cikin gida da ranta, kai kuma ka tsaya a ƙofar gida kana ambatonsa ga baƙi? Mayafi ne. Ai lulluɓa za a yi da shi."

Na faɗa musu haka. Na daɗe ina auna wannan amsar, kuma ban sami ƙarya a cikinta ba. A wurinmu tsohuwa tana iya yin zancen likkafaninta har ta yi raha a kansa, amma ƙaninta ba ya furta kalmar a bainar jama'a tana raye, don kada ya zama kamar yana ƙirga mata kwana.

Can sai ɗan Damagaram ɗin ya matso ya ce wa Baffa, "Malam, mushe na son shi taɓa kaɗan. Ko'ina muka je haka ake yi."

Mushe a bakinsu Bature ne, kalmar Faransanci ce suka ara. Daga baya ne na fahimci cewa masaƙan da ya saba kai wa baƙi suna da wata masaƙa daban da suke ɗora wa zaren kanti don irin wannan. Shi ya ɗauka Baffa ya san da haka. Baffa kuwa bai taɓa ganin baƙon da ya nemi zama a mazauninsa ba. Ya dubi ɗan aiken dagaci, ya dubi mutanen da suka taru, sa'an nan ya ajiye ƙoshiya ya miƙe.

Baturen ya cire takalmansa da ladabi ya zauna. Ƙafafunsa sun yi wa wurin tsawo. Ya taka igiyar dama lokacin da ya kamata ya taka ta hagu, ya jefa ƙoshiya ta faɗi ƙasa, mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Zaren hannu ba ya jure fizga, sai ga siraran zarurrukan tsaye suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya tsuguna a gefensa yana ƙullawa, yana cewa, "Madalla, ya iya, ya iya." Matar tana ɗaukar hoto. Ba a daɗe ba, amma kafin ya tashi ya saƙa abin da ya kai taƙi ko fiye, wani wuri a matse, wani wuri sako-sako kamar rariya.

Da a nan aka tsaya, da Baffa ya warware wurin a hankali ya ceci mafi yawan zaren. Sai jagoran ya ce, "To, Malam, sai kado. A yanke mishi wurin da ya yi, shi kai gida shi nuna."

Kado a bakinsu kyauta ce. Baturen yana tsaye yana murmushi, yana shafa wurin da yatsa. Mutumin garinmu yana iya hana ɗan'uwansa abu, yana iya hana kansa, amma baƙon da aka rako daga gidan dagaci ya roƙi ƙyalle a gaban jama'a, a ce masa a'a, wannan ba a koya wa Baffa yadda ake yinsa ba. Ya ɗauko aska. Kuma don kada kyautar ta zama abin kunya, bai yanke wurin Baturen kaɗai ba, sai da ya haɗa da nasa mai kyau a gefe, ya ƙulle bakin don kada ya warware. Baturen ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya ba da wani abu, Baffa ya ƙi.

Bayan sun tafi, Baffa ya sake ɗaura zaren a jikin sandar naɗi, wanda shi ma ya ci nasa tsawon. Ya auna abin da ya rage, ya sake aunawa. Ya ce an rasa kamu guda da ɗoriya. Na ce ranar Alhamis sai in je kasuwar Maigatari in nemo zaren hannu wurin wata tsohuwar, a cike da shi.

Ya ce, "Mu rufe ta da hannun wata, mu yi shiru? Kai za ka iya haɗa ido da ita?"

Muka zauna har la'asar, bai sake taɓa ƙoshiya ba. Da muka dawo daga masallaci ya ce in biyo shi ciki.

Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Kafin mu gama sallama ta ce, "Auta, tun azahar ban ji ƙarar masaƙa ba. Nasaran sun tafi da ita ne?"

Baffa ya tsuguna ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba.

Ta ce, "Ka ba Nasara likkafanina."

"Kamu guda ne, Yaya, da abin da ya lalace."

"Shi ma a garin nan zai mutu?"

"Ya roƙa ne a gaban mutane. Ɗan aiken dagaci yana tsaye."

"Ba ka da baki?"

"Ina da shi, Yaya."

"Kai kuma, ɗan boko, duk Turancin da aka tura ka nema babu a'a a cikinsa?"

Na ce akwai, amma Baffa bai ba ni ita in faɗa ba.

Ta ajiye carbin a gefenta. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ranar ma ba ta yi ba. Can ta ce, "Da ka hana shi, da gobe a bakin rijiya an ce gidanmu an kori baƙo a kan tsumma. Ni na raine ka a kan wannan sakarcin, wa zan kai ƙara?" Sai ta ce a shimfiɗa mata tabarma.

Baffa ya ce, "Me za a yi da tabarma?"

"Auna ni za ka yi. Awon da ka yi aiki da shi na zamanin da nake ɗauko tulu daga rijiya ne. Yanzu ai na koma rabi."

"Haba, Yaya. Da ranki?"

"Da raina mana. In na mutu ka auna, wa zai kaɗa maka cikon?"

Ta miƙe a kan tabarmar ta haɗa ƙafafu. Baffa ya ɗauko igiya, ya ba ni gefe guda na riƙe wajen ƙafarta. Tana kwance tana ce masa ya ja sosai, kada ya yi mata rowa kamar yadda ya yi wa Nasara kyauta. Ta ragu, gaskiya ne, amma ba kamar yadda ta zata ba. Da Baffa ya lissafa, sai ya ce manyan ƙyallayen za su fita, na lulluɓe kai ne ba zai samu ba.

Ta tashi zaune ta ce, "To, a nemo mini auduga."

Na tuna mata cewa ta gonar mijinta ta ƙare. Ta ce ta sani, auduga ta Allah ce ko'ina ta tsiro, hannun ne take so ya zama nata.

Neman audugar ya faɗo kaina, kuma bayan fari ba abu ne mai sauƙi ba. Na je Maigatari ban samu ba. Aka ce in gwada Gagarawa, can ma babu. A ƙarshe wani mai sayar da fatu ya kwatanta mini wani gida a Sule Tankarkar, inda wata dattijuwa ta ajiye 'yar kaɗan a tukunya. Da na gaya mata abin da za a yi da ita, ta juye mini duka ta ce in gai da mai ita.

Gwaggo ta koma kaɗi ba tare da ido ba. Da safe takan zauna inda rana ke faɗowa don yatsunta su saki, ta shafa alli, ta murza mazari a cinya. Zaren yakan fito da kauri a nan, da siranta a can, ya tsinke, ta lalubo bakin ta haɗa. Na abawa, wato wanda ake sakawa a ƙoshiya, bai ba ta wuya sosai ba, don shi ko da kauri yana shiga. Na tsaye ne ya wahalar da ita, domin shi sai ya yi ƙarfi ya murɗu. Wani lokaci Baffa yakan karɓa ya gwada ya ce ya yi, ita kuma ta fizge shi a gabansa ya tsinke, ta ce kada ya yi mata kara, ita ba baƙuwa ba ce.

Kirana na bautar ƙasa ya zo kafin ta gama, na tafi. Da na dawo hutu na tarar an saƙe ƙyallen, an wanke, an naɗe da sauran. Baffa ya ce sai da ya jiƙa zaren da ƙullun gero kafin ya yarda ya hau masaƙa. Na kuma tarar ya kafa wata ƙaramar masaƙa a gefen rumfar, da jan zare da shuɗi na kanti, domin ɗan Damagaram ɗin ya ci gaba da kawo baƙi jefi-jefi. A kanta suke zama, a yanke musu su tafi, kowa yana farin ciki. Ban san ko abin da suke ɗauka ya cancanci a kira shi saƙar garinmu ba. Na san dai ba a sake zaunar da kowa a kan aikin da aka ba Baffa amana ba.

Gwaggo ta rasu bara, da damina. Ina gida, amma ban ga suturar da idona ba, tun da aikin mata ne a cikin ɗaki, kuma ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Bayan an share makoki na je na tambayi maƙwabciyarmu, wadda ta yi mata wanka. Ta yi mamakin tambayar, amma ta amsa. Ta ce likkafanin ya isa ko'ina, ba a ƙara masa komai ba. Ƙyallen kan ne kawai ya ɗan yi kaushi, sai suka juya gefen da ya fi laushi wajen fuskarta.