Saniyar da Baba ya ce kar a sa a mota

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina da shagon cajin waya a Gwarzo, kuma ko masallacin unguwa a babur nake zuwa. Mu asalinmu makiyaya ne, amma ni abin da na sani game da saniya shi ne nono. Da ciwon Baba ya tsananta a ƙauyenmu Mainika, ya kira ni ya ce jar saniyar nan ta amininsa ce, aro ya ba shi shekarar da garkenmu ya ƙare. In mayar masa da ita da ɗan maraƙinta can kudu da Kabo, kuma da ƙafa, kar in kuskura in sa ta a mota. Na ce to, ina duba waya. Ban tambayi dalili ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na kama hanya da takalmin gayu. Kafin in kai Kabo ƙafata ta yi bororo ta fashe, saniya na ja gabas ina ja yamma. Wani direba ya tsaya ya ce in ɗora su, wa zai sani? Wallahi har na kama ƙofar motar. Na rasa me nake yi: wanda ya sa ni ba ya duniya, wanda zan kai wa bai san ina tafe ba. Inna ta kira, na yi zaton za ta ce in haƙura, sai ta ce ita ma Baba bai taɓa faɗa mata dalili ba. Na saki ƙofar na bi saniya ina ɗingishi, ina kuka ina zaginta.

Da na isa rugar aminin Baba, na tarar tsohon ya rikice, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Bai kalli saniyar ba. Ya riƙe hannuna, ya kira ni da sunan Baba, ya tambaya ko da ƙafa na zo. Na ce da ƙafa.

"To ka cika alkawari," in ji shi, yana hawaye.

Wane alkawari? 'Ya'yansa ba su sani ba. Har yau ban san me ya kai ni ba, biyayya ce, kunya ce ko taurin kai. Abin da na sani, da na hau motar nan ƙarya zan yi wa tsohon. Jama'a, in iyayenku sun sa ku abin da ba ku gane ba, ku ajiye wayar ku tambaya tun suna iya amsawa. Ni na yi tafiyar, amma mutum biyun da suka san dalilinta babu wanda zai iya faɗa min.