Gonar Yaya a Cikin Kabad

Ni dai boko bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Na ɗan ɗumama benci a firamare, malamin lissafi ya dube ni ya ce in koma in taya babanmu kiwon awaki, awakin ma suka ƙi ni. Daga nan na faɗa tashar mota a Gusau, na yi kamasho har kaina ya yi fari, ina kiran Tsafe da Bungudu har muryata ta dishe. Saboda haka wanda ya ji ina ba da labarin kwamfuta ya yi haƙuri. Ba ni na ƙera ta ba. Baki kawai na tsoma, kamar yadda na saba.

Mai ƙerawar mijin ɗiyata ne, mai gyaran waya a kasuwa. Mutum ne mai kunya. In zai gaishe ni, tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya kafa ido a ƙasa kamar ya yar da allura. Ciwonsa ɗaya: ba ya iya ganin tsohon kayan wuta ya wuce. Ya ɗauki wata kabad ɗin kwanuka da aka gaji da ita, ya huda ta, ya cusa talabijin a sama, ya ɓoye kwamfuta mai fasasshiyar fuska a cikinta, ya jawo waya daga farantin sola. Maɓallan danne-danne daga ƙararrawar ƙofa ya ciro su. Sandar da ake juyawa kuwa ni na samo masa, giyar wata mota ce da ta mutu a bayan tasha. Gudummawata ga ilimin zamani ke nan. Da ɗiyata ta ce ko ita ko kabad a ɗakin, sai kabad ta yi hijira zuwa zaurena.

Abin da ke cikinta wata duniya ce ta tubala. Ƙasa, ruwa, itace, har shanu, komai mai kusurwa huɗu kamar an yanka sabulu. Ka haƙa, ka gina, ka shuka. Ranar da na fara taɓawa, na haƙa rami a ƙarƙashin ƙafata na faɗa ciki, na kasa fita. Surukina ya daɗe yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa, sannan ya ce, “Baba, rijiyar ta yi kyau.”

A wannan shekarar ne aka kawo mini Yaya. Shi ne babbanmu, shi ya riƙe gonar gado a ƙauyenmu da ke bayan Tsafe, ta wajen 'Yankuzo. Da zaman ƙauye ya gagara, 'ya'yansa suka ɗauko shi kusan dole bayan an kai amfani gida. Ya zauna a kan tabarma a zaure, bayansa jingine da bango, sungumin shukarsa a gefe. Tuwo sai ya tsakura ya ture. Magana ɗaya ya yi mana, bai sake ba: ranar da ruwan fari ya sauka zai koma ya yi shuka, ko wa ke kan hanya. 'Ya'yansa suka yi ta roƙo, yana cewa “na ji.” Duk mun san “na ji” ɗin Yaya. Ni kuma a tasha na tsufa, na san abin da direbobi ke faɗa game da hanyar nan in sun rage murya.

Kabad kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. “Kai tun kana yaro ba ka da aikin yi,” in ji shi. “Yanzu ka samu abokin zaman banza mai cin wuta.”

Wata rana da hantsi na zauna gabanta, na ɗaga murya na ce bari in gina gonar babanmu. Na ja rafi, na dasa ɗorawa a gabas da shi. Na san sarai a yamma take. Na yi ta yabon aikina. Can na ji tari a bayana.

“Ɗorawa ba nan take ba.”

“Nan take, Yaya. Ina tunawa.”

“Mi kake tunawa? Kai da ka gudu daga gona tun ba ka iya ɗaure tazuge ba?”

Ya miƙe. Da farko da sanda yake nuna gilashin, ni ina dannawa, yana zagina a kan kowane tubali. Da ya ga hannuna ba zai shiryu ba sai ya ture ni ya kama giyar. Hannun da ya saba da fartanya ne, jan farko ya tumɓuke ta. Surukina ya kai wa mai walda, ya kuma sauya maɓallan da muraffan jarka don yatsun Yaya su samu wurin sauka.

Cikin bazarar nan gonarmu ta tashi a cikin kabad. Jigawar gero, kwarin da ake sa dawa, rumbuna, rijiyar gaske ba irin tawa ba. Ya nuna wa 'ya'yansa inda kakansu ke ɗaure jaki. Amma shuka ya ƙi yi. Da aka ce masa a nan ciki hatsi na fitowa ko ba damina, ya ce duniyar maƙaryata ce. Surukina, da kyakkyawar niyya, ya ce, “Baba, akwai inda zan danna ruwa ya sauko.”

Yaya ya juyo ya dube shi. “A'uzu billahi. Ɗana, kar ka soma.”

Ya bi gefen gona yana jera ciyawa a matsayin gamba, irin wadda ake dasawa a kan iyaka. Gabas, kudu, yamma. Da ya zo arewa sai ya saki giya ya koma tabarmarsa. Na ce ya ƙarasa mana. Ya ce ba a kafa iyaka maƙwabcin gona ba ya nan. Na ce Yaya, wasa ne fa, kabad ɗin kwanuka ce. Ya ce ko a bayan ƙwarya aka zana, ba a yi.

Maƙwabcin nan wani tsoho ne da suka kwashe rayuwarsu suna jayayya da Yaya a kan wani suri da ke tsakanin gonakinsu. Shi ma ƙauyen ya gagare shi, yana zaune wurin ɗiyarsa a ƙasar Bungudu, kusa da duwatsun Kwatarkwashi. A lokacin hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, Yaya kuma ya sa an gyara masa ƙotar sungumi. Ban yi shawara da kowa ba. Na je tasha, wani direba da na taɓa cika wa mota ya ɗauke ni a kujerar gaba. Na tarar da tsohon a gindin bango yana korar ƙuda. Bayan gaisuwa na ce, “Malam, Yaya na can Gusau yana cinye maka gona.”

Bai tambaye ni yadda ake cin gonar Tsafe daga Gusau ba. Hularsa kawai ya nema.

Da suka haɗu, sun daɗe riƙe da hannun juna. Suka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa, suna ambaton su ɗaya bayan ɗaya. Ni har na fara jin kunyar abin da na ƙulla. Sai idon baƙon ya faɗa kan gilashi. Ya matsa, ya ƙanƙance ido.

“Wanga rafinmu ne.”

“Shi ne.”

“To ina surina?”

“Surin wa?”

“Wanda ubana ke jingine gora a jikinsa tun kana tsotson yatsa.”

“Ubanka aron inuwa yake yi. Mu mutanen kirki ne, ba mu hana ba.”

Aka kira surukina ya gina suri. Ya gina. Wannan ya ce a matsa da shi kudu, wancan ya ce arewa, kowa na kiransa ɗana yana neman ya yi shaida a kan wurin da bai taɓa takawa ba. Bawan Allah ya durƙusa tsakaninsu yana cewa “gaskiya ne, Baba” ga duka biyun. Aka kawo tuwo. Yaya na ci yana nuni da loma, bai ankara ba sai da hannunsa ya taɓa gindin kwano.

Daga nan tsohon ya riƙa zuwa. Motar safe ta kawo shi, ta yamma ta mayar. Ya koyi jan giya, ya fi ni iyawa, abin da bai zama abin alfahari ga kowa ba. Suri ya yi ta yawo.

Ruwan ya sauko wata rana bayan la'asar, mai ƙarfi, har kwata ta cika. Ƙamshin ƙasa ya shigo zaure. Da ya tsagaita, Yaya ya tashi ya sa hula, ya rataya jakarsa, ya saɓa sungumi. Babban ɗansa ya tsaya a ƙofa. Ni da na yi rayuwata ina cusa mutane a mota da daɗin baki, na nemi kalma ɗaya ta hana mutum shiga na rasa.

Maƙwabcin bai ko juyo ba. Yana zaune gaban kabad, hannunsa a kan giya.

“Allah shi kiyaye hanya,” in ji shi. “Tahi hankalinka kwance. Ni zan kula maka da iyaka.”

Muka ji ƙarar murfin jarka, ƙas. Sai wani ƙas.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi, ruwa na ɗiga daga indararo a kafaɗarsa. Ya daɗe a haka. Ba na jin akwai wanda ya fi shi sanin cewa kabad kabad ce. Sannan ya jingine sungumin da bango, ya dawo a hankali.

“Ɗaga hannunka, tsohon ɓarawo. Matsa.”

Na raka baƙon tasha kafin magariba, muna tsallake taɓo. Ina neman yadda zan yi masa godiya ba tare da na tona kaina ba, sai ya riga ni.

“Ƙaryar da ka yi mani ran nan ba ta da gishiri,” in ji shi. “Na dai taso ne don na san halin ɗan'uwanka.” Ya tattara rigarsa ya sa ƙafa a mota. “Ka sama mani wuri a ta safe. Damina da tsawo, in na yi fashin yini ɗaya tahiya zai yi.”