Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Yarda Maman 'Yan Biyu Ta Dawo

Kaka ce, an gama cire gyaɗa. Shekarar ta zo da ruwa mai yawa, wutar lantarki kuma sai ta ga dama, amma mutane sun samu amfanin gona, fuskoki sun ɗan saki. A lokacin ina taimaka wa Malama a ajin yaƙi da jahilci na mata da ke zauren cocinmu a Wulari, ajin da ni ma na koyi riƙe fensir a cikinsa bayan na haifi 'ya'ya huɗu.

Matanmu na kudancin Borno suna da al'ada: da damina ta kankama sai su tafi ƙauye noma, sai an yi girbi su dawo aji. Saboda haka 'yata ta biyu, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta haɗa mana manhajar rajista. Kowace ɗaliba akwai alama a gaban sunanta, ko tana nan, ko ta tafi. Ana iya gyarawa a waya, ana iya gyarawa a kwamfutar aji.

Akwai wata da muke kira Maman 'Yan Biyu, mai suyar ƙosai a Moduganari. Shekara biyu jarrabawar fita tana wuce ta, don kullum tana gona. Wannan karon ta bar wa ƙanwarta sauran aikin ta dawo da wuri. Malama ta gyara alamarta a waya a gabana. Amma ranar da za a buga sunayen masu jarrabawa, waɗanda za a kai ofis washegari da safe, kwamfutar aji ta ce matar tana ƙauye. Wanda ba ya cikin takardar nan kuwa sai baɗi.

"Ga ni nan zaune, Malama," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ko in tashi in yi mata rawa ta gan ni?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga tana murɗa bakin gyalenta.

Na kira 'yata. Da la'asar ta sauko daga keke, daga unguwar Mairi, ko abinci ba ta ci ba. Ta duba waya, ta duba kwamfuta. Sannan ta ce, "Malama, yaushe rabon da ki rufe manhajar nan?"

"Rufewa? Ni murfin kawai nake kifawa. In na rufe komai ya ɓace fa? Tun kafin matan su dawo take a buɗe."

Na zaci za ta yi faɗa, don tana da saurin baki kamar babanta. Sai ta jawo benci ta zauna tsakaninmu.

"Mama, in za ki tsince wake, kina ɗiba daga buhu ki zuba a faifai, ko? Ba kya komawa buhu don kowace ƙwaya."

"Wa zai yi wannan wahalar?"

"To manhajar ma haka. Buhun shi ne rumbun da sunaye suke. Faifan muna kiransa seshon. In ta ɗebo suna sau ɗaya, sai ta ajiye a faifai, duk sanda kika tambaya daga nan za ta ba ki, don sauri."

Ta lissafa mana da yatsu. Akwai sunan da aka rubuta yanzu, bai kai buhu ba tukuna. Akwai wanda ke kan faifai, ana sa masa ido, abin da aka canza a jikinsa zai isa buhu. Akwai wanda ya rage a hannu bayan an ɗauke faifan, ko ka gyara shi babu wanda ya sani. Sai wanda aka ware za a zubar.

"Maman 'Yan Biyu tana kan faifai tun damina," ta ce. "Waya ta gyara na buhu, kwamfuta ba ta koma ta leƙa ba."

Malama ta fara ba da haƙuri. 'Yata ta riƙe hannunta. "A'a, Malama, laifina ne. Ni na rubuta ta da faifai ɗaya tun safe har abada. Ban yi tunanin mai tsoron rufewa ba, kuma tsoronki da dalili."

Ban taɓa jin ta ce laifina ne da sauƙi haka ba. Na kalle ta tana dannawa, tana gyara rubutun yadda kowane aiki zai ɗauki sabon faifai, ya mayar in ya gama. Ba ta amince da aikinta ba sai da ta ba ni waya ta ce in mayar da kaina ƙauye a manhajar, in dawo da kaina, har sau uku, tana kallon kwamfutar tana bi. A lokacin Maman 'Yan Biyu ta riga ta tafi jiƙa wakenta, ba ta san yadda aka ƙare ba.

Washegari na tashi da wuri na bi ta Moduganari kafin Malama ta wuce ofis. Na same ta a gaban kasko. Na miƙa mata kwafin takardar. Ta goge hannu a zani, ta bi layi da yatsa a hankali, har ta tsaya a na goma sha ɗaya ta karanta sunanta da kanta. Na karɓi matsamin na ci gaba da juya mata ƙosan.