Agwagi Shida da Babana Ya Kuskure

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Izom, amma in ka tambayi mutanen wurin ko shi wane ne, ba wanda zai fara maka da zancen doya. Maharbi za su ce. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Mai irin wannan bindiga ba shi da sararin kuskure, don kafin ya gama ɗuri na biyu fakarar ta isa wani gari ta yi dangi.

A tsakiyar shekarun 1990 ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Suleja, ina haya a unguwar Wambai. Ƙofata na kallon ta wani akawu ɗan kudancin Kaduna, mai bin motar ma'aikata zuwa Abuja kullum. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya barin magana ta wuce shi. Shekara biyu ina ba shi labarin harbin mahaifina, yana gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai saya ba.

Sai ya sayo wata na'urar wasa da ake jonawa da talabijin, mai bindigar roba da doguwar waya. Ya ce a ƙasar da aka ƙera ta, dā sai an je shago na musamman ake irin wannan harbi a jikin wani ƙaton akwati, yanzu an matse abin ya shigo falo. Agwagi ke tashi daga ciyawa, kai kuma ka harbo su kafin su fice daga gilashin. Wai don yaransa ya saya. Yaran dai kallo suke yi. Shi ke tsayawa, bakin bindiga kamar zai taɓa gilashi, yana kakkaɓo agwagi yana duban fuskokinmu.

Wata Asabar da hantsi mahaifina ya kawo mana doya, aka yi sa'a akwai wuta. Akawu ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, Ticha ya cika mana kunne da labarinka. Ga daji nan a ɗakina, zo ka gwada mana."

Na so in hana. Baba ya riga ya cire takalmi.

Kafin ya karɓi bindigar sai da ya sa akawu ya juya bakinta ƙasa. "Ko ta kara ce, ba a miƙa ta haka," in ji shi. Matan gidan suka taru a ƙofa, har da matata, wadda ita ma na sha cika wa baki.

Agwagwa ta tashi. Baba ya bi ta a natse, ya danna. Ta wuce abinta. Ta biyu ma haka. Aka yi shida, ko gashin ɗaya bai taɓa ba.

"Baba, no vex," in ji akawu, yana danne dariya. "Agwagin birni ne, sun yi boko."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na san in Baba ya ajiye bindigar nan a haka, labarin shekara arba'in ya ƙare a falon haya, kuma duk ranar da na sake buɗe baki za a tambaye ni lafiyar agwagi.

Baba ya sauke hannunsa. Ya juya bindigar a hannu, ya auna nauyinta, ya dube ni.

"Kai da ka yi karatu, me ke fita daga bakin abin nan?"

Na ce, "Ba abin da ke fita, Baba. Haske ne ke shiga. In ka danna, tana duba ko agwagwar na daidai bakinta a wannan lokacin."

"Babu abin da zai yi tafiya ya same ta?"

"Babu."

A nan ni ma na gane abin da idona ya gani sau shida ban fahimta ba. Duk harbin da ya yi, gaban agwagwar ya harba, kamar taƙi ɗaya. Haka ake harbin abin da ke tashi: ba inda yake ake nufa ba, inda za shi, don su haɗu da harsashi a hanya. Hannunsa daidai yake yi. Na'urar ce ba ta san iska da nisa ba.

"Ashe tsayayye ake harbi," ya ce. "Sake kunnawa."

Maimakon ya matsa kusa, sai ya ja da baya har wayar ta miƙe, dugadugansa a bakin ƙofa, matan suka dare masa. Agwagwa ta tashi, ta faɗo. Ta biyu ta faɗo. Kowace harbi ɗaya, ko da yake na'urar na ba da dama fiye da haka. Na ƙirga goma sha huɗu a jere, sannan na daina ƙirga don in sami damar kallon fuskar akawu, wadda ta fi talabijin ɗin daɗin kallo. Agwagin suka ƙara sauri, Baba bai ƙara ba.

Shi da kansa ya tsaya. Ya miƙa bindigar, bakinta ƙasa.

"Baba, ƙara ɗaya mana," in ji akawu, da wata murya da ban san yana da ita ba.

"A'a, ɗana. In na daɗe a kanta za ta ɓata mini hannu."

Na ɗauka kawaici ne. Ashe da gaske abin ya dame shi, don matar babana ta ce washegari ko karyawa bai yi ba ya saɓi bindigarsa ya shiga daji, wai zai duba ko hannun na nan.

Ranar Talata direban motar Izom ya tsaya a ƙofar gidanmu da fakara biyu a ɗaure. Ɗaya tawa, ɗaya ta akawu, da saƙo: a gaya wa mai talabijin wannan sai an fige.

Akawu ya fige ta da hannunsa a tsakar gida. Daga ranar, in zai yi harbinsa, bakin ƙofa yake tsayawa, kuma in baƙo ya yaba masa sai ya ce ai bai ga komai ba, ya tambayi Ticha labarin babansa.