Ranar da Na Karya wa Malam Azumi

Ko zan manta da komai na aikin jinya, ban da ranar da na karya wa wani dattijon malami azumi. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ni kuwa sabuwar nas ce a wani ƙaramin asibiti a Jega, kaina na hayaƙi, gani nake babu abin da ban sani ba.

Malamin mutumin Alelu ne, yana fama da ciwon sukari. Ni na ba shi ƙwayoyi, na ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, na sallame shi. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa azumi saura kwana uku.

Ran nan bayan azahar, ana tsananin zafin bazara, sai ga shi an kawo ranga-ranga a bayan akori-kura. A gonar albasa ya yanke jiki ya faɗi. Ƙaninsa har ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Na taɓa shi, na ji gumi sharkaf, jiki sanyi ƙalau, zuciya na bugawa da sauri. Na tambayi yadda yake shan maganinsa.

Ƙanin ya ce, "Ai Malam ba shi wasa da magani. Da sahur shika haɗa na sahe da na marece shi haɗiye gaba ɗai."

Gabana ya faɗi, don na gane sukarin jininsa ne ya yi ƙasa. Na jawo ruwan sukari zan sa masa ta jijiya, sai ƙanin ya sha gabana.

"Likita, azumi shikai! Shekara hamsin bai sha ko ɗaya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, mai rai ka ramuwa. Matsa!"

Na samu jijiyar, na sa masa ruwan. Can sai Malam ya buɗe ido, ya dube mu, ya ce, "An yi la'asar?" Na yi ajiyar zuciya, na zauna daɓas a kan benci, hawaye na zuba.

Da ya ji abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗiyata, kin ce sahe da marece. Ba ki ce mi za ni yi da azumi ba."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar ban ƙara miƙa wa kowa magani ba sai na tambaye shi yadda yake wuni, da lokacin da abinci ke shiga bakinsa.