Ranar Da Na Ƙi Yi Wa Yayana Amshi

Gidanmu a Unguwar Hajji gidan kiɗa ne. Mahaifinmu kotso yake bugawa, yana yi wa dagatai da masu unguwanni waƙa tun daga Karaye har ƙasar Rogo. Mu biyu ya haifa maza. Yayana ne ya ɗauko basirar. Ni abin da na ɗauko murya ce mai kauri, da kuma hassada, tunda yau gaskiya na zauna faɗa.

Yaya ya yi shekaru a Kano yana koyon fiyano a situdiyon da ake buga waƙoƙin biki. Da ya dawo bai watsar da kotso ba, sai ya zauna yana haɗa su. Zai ɗauko tsohon taken Baba ya shimfiɗa masa fiyano a ƙasa, sannan ya saƙa karin sarewar da ya ji wurin kawunnanmu makiyaya na garin Fulatan, dangin mahaifiyarmu. Baiti ɗaya da Hausa, na biyu ya juya Fulatanci. 'Yan situdiyo suka ce kiɗan tsofaffi ne, ba ya rawuwa. Dattawan fada suka ce ya mai da gadon ubansa kiɗan 'yan acaɓa. Shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan rasuwar Baba, maganar wanda zai riƙe kotsonsa ta taso. A al'ada babba ne. Ana cikin haka aka gayyace mu naɗin wani dagaci a ƙasar Rogo. Ana gobe naɗin, wani dattijon fadar ya tare ni a rumfar mai goro.

"Ɗan makaɗi, an ce yayanka zai zo mana da akwatin nan mai kukan kyanwa?"

"Haka ya ce, Baba."

"To, in ya fara ku bar shi da akwatinsa. Kotson ubanku ba zai zauna a hannun mai yi wa ubansa gyara ba."

Bai faɗi hannun da zai zauna ba, ni ma ban tambaya ba. Na gane.

Wanda bai tashi cikin kiɗa ba ba zai san nauyin abin da aka nema a wurina ba. Mawaƙi ba ya rufe baitinsa da kansa. Yana kai shi rabi sai ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, shi kuma ya ja numfashi ya shirya na gaba. Ko da safe kun zagi juna, in ya saki baiti dole ka karɓa. Ni ne babban ɗan amshi, sauran ukun bakina suke kallo.

Bayan la'asar aka ba mu fili. Yaya ya taɓa fiyano, kotso ya shiga, mata daga bayan zana suka rangaɗa guɗa. Wallahi ban taɓa jin taken Baba ya yi daɗi haka ba. Ya kai baitin farko rabi ya saki. Na rufe bakina, na zuba wa takalmina ido. Ya sake saki, shiru. A na uku sai ya yi wa kansa amshi, ya koma ya ja baiti, ya sake yi wa kansa, har numfashinsa ya ƙare muryar ta tsinke. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, "Mai akwati, ina mutanenka?" Aka kwashe da dariya.

Yaya ya durƙusa ya yi wa dagaci gaisuwa, ya nannaɗe wayoyinsa. A mota abin da kawai ya ce mini shi ne, "Matsa, ka danne mini riga."

Aka ba ni kotso, shi ya koma Kano. Ba wanda ya tilasta mini, kada a ɗora wa dattijon nan. Ni na so, ni na yi.

Amma akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba. Masu cewa Yaya ya ɓata gado, su zo su tambaye ni da na riƙe gadon. Shekara da shekaru ina buga taken Baba ba ragi ba ƙari, ina farawa samari ke sulalewa. Yau direbobin bas ɗin Kano da matasan da ke raira taken nan a gona, a waƙar Yaya suka ji shi cikin wayoyinsu. Ba a wurina ba.

Bara dattijon ya aiko kirana, za a naɗa ɗansa mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, zan zo, amma a bayan Yaya zan tsaya. Da akwatinsa."

"Kai da muka ɗaga?"

"Kun ɗaga ni, Allah ya saka. Amma ko dai in zo tare da shi, ko ku nemi wani makaɗin."

"Ashe kai ma ka lalace."

"Tun a wancan naɗin, Baba."

Ya ce zai yi shawara. Ban jira shawararsa ba, na hau bas na nufi Kano. Na tarar da Yaya a situdiyo, furfura ta fito masa. Na durƙusa na faɗi komai, har maganar rumfar mai goro. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami.

"Ai a ranar na sani," ya ce. "Naɗin kuwa ba zan je ba, ko sun yarda."

Na ce, "Na ji, Yaya. Ni ma ba zan je ba."

Ya turo mini kujera da ƙafa.

"Tashi, ka cika mini wuri. Akwai wata sabuwa da nake haɗawa, yaran nan muryoyinsu duk kamar sauro. Zauna mu ji ko taka tana nan."